Tsanwa ko ruwan lemun tsami: kafin ka sayi fentin ɗaki

Yau maganar fenti za mu yi, musamman ga masu shirin gyaran ɗakin amarya ko ɗakin yara a nan Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu.

Ka shiga shago, a buɗe maka katin launi, ka ga tsanwa, ka ga ruwan lemun tsami, ga wani kuma da ya fi karkata zuwa ruwan ɗorawa. Duk kamar ɗaya. To, kar katin nan ya yanke maka hukunci. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa a bango, ka bari ya bushe, ka duba shi da safe, da rana tsaka, da daddare ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ranar Jigawa tana fito da ɗorawar da ke cikin launi, farin ƙwai kuma yana fito da korensa. In ka zaɓa, sayi abin da zai ishe ka a lokaci ɗaya, don haɗi na biyu da wuya ya zo daidai da na farko.

Amma fa ga inda maganar take. A fentin mai, launin ɗorawa da kore suna cikin waɗanda aka fi samun dalma a ciki, saboda wani sinadarin launi mai arha da ake haɗawa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma da ba ya cutarwa a jikin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta dakushe karatu. Kun tuna Zamfara a 2010, inda dalmar haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara? Ta fenti a hankali take shiga, ta ƙurar bango da ɓawon da yaro ke kaiwa baki. Iyakar da aka amince da ita ita ce kashi 90 cikin miliyan.

Saboda haka, cikin ɗaki a yi amfani da fentin ruwa. In dole sai na mai, a ƙofa ko taga, karanta jikin gwangwanin, ka nemi tambarin SON da rubutun cewa ba a sa dalma ba. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa bangon, a fitar da yara da masu juna biyu.

Ku tura wa mai fentin unguwarku wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.