Daga Kano ta Gabas zuwa kujeru 24: jawabina a zaman matasan ɓangarenmu

 

Yau ba maganar ɗan takara zan yi ba, maganar ita kanta kujerar ce. Da yawanmu mun ɗauka mazaɓa kamar Dutsen Dala take, inda ka same ta nan za ka bar ta. To ba haka ba ne. Mutane ne suke zama su shata ta, mutane ne kuma suke goge ta.

A zaɓen Disamba 1959 akwai mazaɓar da ake kira Kano ta Gabas. Ita Malam Aminu Kano ya ci a ƙarƙashin NEPU ya tafi majalisar wakilai a Legas, lokacin kujeru 312 ne, Arewa na da 174. Ku kuma tuna, iyayenmu mata na Arewa ba su da ƙuri'a a wannan zaɓen, ko ɗaya. Bayan zaɓen 1964 mai cike da rigima kujerar ta koma hannun NPC, Alhaji Mamuda Ɗantata ya hau. Bai daɗe ba soja suka yi juyin mulki a Janairu 1966, majalisa ta watse, Kano ta Gabas ta bi ta. Yau ka je ofishin INEC ka nemi wannan sunan, sai dai a dube ka.

Da aka dawo siyasa a 1979, tsohuwar Jihar Kano kujeru 46 ta samu. A 1991 aka cire Jigawa. Yanzu Kano na da 24, Jigawa 11. Ku haɗa da kanku, 35 kenan. E, majalisar gaba ɗaya ta ragu zuwa 360, ban ɓoye wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, iyakokin da muke zaɓe a kansu tun 1996 aka shata su, zamanin Janar Abacha. Rabin waɗanda ke zaune a nan ba a haife su ba. Alhali sashe na 73 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa INEC sake duba mazaɓu, tazarar da ya sa kuma shekara goma ce. Sashe na 49 ya ce yawan jama'ar mazaɓu ya zama kusan ɗaya gwargwadon hali.

Don Allah wa zai ce Rijiyar Zaki da Bachirawa na yau su ne na 1996? Gonaki sun zama unguwanni, gari ya cinye Ungogo, amma har gobe kujera ɗaya suke rabawa da Minjibir. Haka Kumbotso, daga Panshekara zuwa Mariri, wakili ɗaya. Inda jama'a suka ninka kujera ba ta ƙaru ba, ƙuri'arka ta rage nauyi, aikin mazaɓa kuma ya zama gishiri a kogi.

Me ya sa aka yi shiru? Saboda 360 ɗin a ƙulle take, in an ƙara wa wani sai an rage wa wani, kuma duk gyaran da INEC ta yi sai Majalisar Tarayya ta amince. Wato masu zaune a kan kujerun ne za su yarda a taɓa kujerun. Har wasu manyan jam'iyyarmu ba sa son a ta da zancen, ni kuwa ina ganin namu ne mu ta da shi.

Saboda haka kowane shugaban matasa na gunduma ya kawo mana jerin rumfunan zaɓensa da adadin masu rajista kafin zama na gaba. Da su za mu rubuta takardar koke zuwa INEC, kwafi ga 'yan majalisarmu. Duk mai neman tikiti a wajenmu kuma, sai ya faɗi matsayinsa a kan wannan a gaban jama'a.