Dungu: Tudu da Fadama, Gero da Rake

  

An umurce ni in yi tsokaci kan yanayin ƙasar Dungu, wadda ke gabas da Matamaye, cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram. A shekarar 2002 doka ta mai da ita ƙaramar hukumar karkara, amma tun kafin nan sunanta ya kai nesa albarkacin rake.

Ƙasar nan kashi biyu ce. Akwai tudu, jigawa mai rairayi, inda ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin itatuwan gawo. Akwai kuma kwari, inda Korama ta ratsa ta bar fadama mai baƙar ƙasa. Damina a yankinmu ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, rake kuwa yakan yi kusan shekara a gona, kuma kullum yana son danshi. To, daga ina yake samu? Ruwan da ya sauka a tudu, rairayi ne ke shanye shi, ya gangara sannu a hankali ta ƙarƙashin ƙasa har ya taru a kwari. Shi ya sa a fadama rijiya ba ta zurfi, saiwar rake kuma tana tarar da ruwa ko da rani. Ke nan tudu ne ke shayar da fadama.

Raken Dungu na sha ne, ba na masana'antar sukari ba. Idan sanyi ya shigo ana sara, ana ɗaurewa dami-dami, motoci su kwasa zuwa Damagaram da sauran birane. Da kuɗinsa magidanci ke cike giɓin rumbu a shekarar da gero bai yi ba.

Sai dai, ranku ya daɗe, fadama tana da abokan gaba. Inda aka sare itace a tudu, iska da ruwa sukan turo yashi ya binne ta. Inda ruwa ya kwanta ya ƙafe, kanwa takan taso ta ƙone shuka. Ga rabon gado yana ta daddatsa gonaki. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Matamaye da Magarya da Mirya sun koma renon gawo a gonakinsu, har aikin ya zama abin koyi a duniya. Wannan hanya ita ce garkuwar fadama.

Roƙona ga sarakuna da masu gari, tun da shari'ar gona a ƙofarku take farawa: ku tsare itacen tudu kamar yadda kuke tsare iyakar fadama. Wanda ya bar gawo a jigawa, raken jikansa ya yi wa tanadi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.