Ciwon Muƙamuƙi: Gaɓar Da Ba Ta Hutawa

Ku ɗora yatsa a gaban kunne, ku buɗe baki. Abin da ya motsa nan shi ne mahaɗar muƙamuƙi da ƙoƙon kai. A tsakaninsu akwai ɗan faifan guringuntsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Magana, tauna, hamma, duk da wannan gaɓa ake yi.

Idan faifan ya goce ko tsokar tauna ta gaji, sai a ji zafi a gefen fuska, ko ƙara yayin tauna, ko baki ya ƙi buɗewa sosai. Da yawa sukan ɗauka ciwon kunne ne, su yi ta ɗiga magani a banza. An fi ganin ciwon muƙamuƙi ga mata 'yan shekara 20 zuwa 40. Cizon haƙora cikin barci, damuwa, bugu a haɓa, da yawan taunar cingam, goro ko kilishi suna tayar da shi.

Galibi yana lafawa ba tare da tiyata ba. A koma abinci mai laushi, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a daina wage baki. Farasitamol na rage zafin. Likitan haƙora kan ba mai cizon haƙora robar sawa a baki da dare.

Amma idan baki ya sarƙe bayan rauni, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko zafin ya haɗa da ciwon ƙirji, a garzaya asibiti nan take. Allah ya ƙara mana lafiya.