Gyaran kalgo cikin gona da garka

Ga jawabin da malamin gandun daji ya yi wa manoman Bambeye, lokacin sassabe:

Jama'a, kalgo dangin wake ne. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne, ɓawonsa kuma igiya. Amma kowace shekara ana sare shi ƙasa-ƙasa, a sa mishi wuta. In damana ta kama, sai iska ya kwaso rairai ya binne hatsi.

Manoman Maraɗi sun soma wata dabara tun 1983, sunanta sassaben zamani. Ga yadda ake yi:

Ku dubi gindin kalgo. Ku zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi, miƙaƙƙu. Ku sare sauran.

Ku kakkaɓe ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawo. Ku bar na bisa.

Ku wasa adda sosai. Ku yi sara daga ƙasa zuwa bisa, don kada ɓawo ya ɓare.

Ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In sabon toho ya fito gindi, ku cire.

Wanda ya gyara kalgonsa bana, baɗi matarsa ba ta zuwa nesa neman icce.