Jawabi Kan Koyar da Wasan Kwaikwayo a Makarantunmu na Sakandare



Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai mun san ba don hadda aka rubuta wasan kwaikwayo ba. Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, 1960, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, 1968, an tsara su ne domin a gabatar da su. Amma yau ɗalibanmu na Birnin Kudu da Gwaram sunayen 'yan wasa kawai suke haddacewa saboda jarrabawa, ga kuma ƙarancin littattafai.

Yaron da ya fito a matsayin Hayatu, mijin Halima a Uwar Gulma, zai gane yadda sakacin maigida ke rusa aure. Daga nan sai malami ya sa shi ya ƙirƙiro nasa ɗan wasan, dillali ko ungozoma, ya ba shi buri da hali da salon magana. Ai 'yan tashe sun daɗe suna yin haka da azumi.

Roƙonmu shi ne ƙungiya ta sayo littattafan nan ta raba wa makarantu, ta kuma sa gasa duk shekara. Allah Ya yi mana jagora, amin.