Riƙo Ko Bauta? Jawabi Ga Taron Ɗalibai



A ƙarshen watan Maris na 2001 wani jirgin ruwa mai suna Etireno ya tashi daga Kwatano, a Jamhuriyar Benin, ya nufi Gabon. Hukumomin Gabon suka hana shi sauke mutane, na Duwala a Kamaru su ma suka kore shi. Bayan ya yi mako biyu da ɗoriya yana yawo a teku, ya komo Kwatano ran 17 ga Afrilu. Da aka bincika, aka iske yara 43 a ciki, waɗanda aka yi niyyar kai su aikatau da talla a ƙasar da ba su san kowa ba.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi suka shiga jirgin nan? Galibin irin yaran nan ba sato su ake yi ba, iyayensu ne ke miƙa su. A Benin akwai al'adar da ake kira vidomegon, watau matalauci ya ba ɗan'uwansa mai hali riƙon ɗansa, don ya sami tarbiyya da sana'a. Da talauci ya tsananta, dillalai suka shiga tsakani. Su ba uba 'yan kuɗi da alkawarin makaranta, su tafi da yaro, su riƙa karɓar ladan guminsa. Ta wannan hanya ce yaran Benin suka faɗa ramukan fasa dutse kusa da Abeokuta, inda aka kwaso fiye da ɗari aka mayar gida a 2003.

To, kada mu ce wannan labarin nesa ne, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da riƙo, kuma mun ga yadda ya rikiɗe. Wane ne a cikinmu bai san dillaliyar da ke kawo 'yan mata daga ƙauye zuwa birni ba? Yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ita ke shara da wanke-wanke da raino, ita ke raka 'ya'yan gida makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo. Ƙarshen wata dillaliya ta cire rabonta, saura a aika wa uwa, wai ana tara kuɗin kayan ɗaki.

Doka kam ba ta yi ƙaranci ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da Yarjejeniya ta 182 a 1999. A 2003 Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara, ta kuma kafa hukumar NAPTIP don yaƙi da fataucin mutane. Amma ɗan sanda ba ya leƙa madafin kowa, kuma uban da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara ba takardar doka zai dafa ba.

Saboda haka maganar ta komo kanmu. Masu ɗaukar yaran nan ba jahilai ba ne; akasarinsu ma'aikata ne masu albashi, irin abin da muke fatan zama gobe. Idan muna bukatar mai aiki, mu ɗauki babba, mu biya shi a hannunsa. Idan kuwa riƙo muka karɓa, to, makarantar da ɗanmu ya shiga ita ɗan riƙo zai shiga, kwanon da ya ci a ciki shi zai ci. Da haka ne kaɗai za mu iya cewa ɗa na kowa ne, ba tare da jin kunya ba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.