Jawabi ga direbobinmu: in an kaɗe dabba bisa hanya



Kun san wajen Kure, tsakanin Doso da Yamai, raƙuman dawa na ƙetare kwalta. A shekarar 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da ƙyar suka yawaita, har aka kai takwas Gadabeji a 2018.

To, in tsautsayi ya sa mun kaɗe ɗaya, kar mu gudu. Mu tsaya gefe, mu jera rassa bisa hanya domin masu zuwa baya, mu duba fasinjoji tukuna. Kar kowa ya kusanci dabbar, ko da ta kwanta. Shurinta na iya kashe mutum. Wuƙa kuma ta zauna cikin kube, doka ta hana cin namanta. Mu sanar da jandarma ko ma'aikatan gandun daji.

In kuwa akuya ce ko karen gida, mu nemi mai gari ya kira mai abin, a yi magana gaban shaidu, a biya yadda aka shirya. Mu tuna yaran ƙauye na riƙe lambar mota, kuma ta wannan hanyar za mu komo gida.